Buhun Garar Zulai

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai garar ƙanwata Zulai ba, kuma ko na so mantawa 'yan gidanmu ba za su bar ni ba.

Lokacin ina ɗaga ƙarfe a bayan tasha, wurin Oga Bala. To, da sunan ɗagawa dai: in je yau, in ɗauki hoton damtse, sai bayan wata a sake ganina. Kullum faɗansa ɗaya: "Malam, saki numfashi in kana ɗagawa! Ba nutso kake yi a kogi ba." Ni kuwa haushi yake ba ni. Numfashin ma sai an koya mini?

Hotunan nan Hauwa nake tura wa, ƙawar amarya, wadda na daɗe ina bi ta ƙi ba ni fuska. Ranar gara tana tsaye a ƙofar gida cikin mata, ga buhunan shinkafar fadamarmu a bayan a-kori-kura. Mutum biyu suka kama ɗaya, na ce su matsa (wa ya aike ni?). Na tuɓe babbar riga, na cije leɓe, na riƙe numfashi kamar mai wucewa ta bakin kwata, na sunkuto buhun har kafaɗa. Na ji an rangaɗa guɗa. Daga nan ban sake jin komai ba.

Na farka a ƙasa, jikina sharkaf, hayaƙin habbatus sauda yana shaƙe ni. Gwaggo Ladi ta danne mini ƙirji tana tofi, tana cewa, "Mutanen ruwa ne! Na sha hana yaron nan bin bakin kogi da magariba."

Na ce, "Gwaggo, numfashi ne kawai na..."

Ta ce, "Kun ji ko? Wallahi ba muryarsa ba ce!"

Aka ƙaro garwashi. Buhun kuwa ya fashe, kajin unguwa sun samu nasu bikin. Hauwa ce riƙe da butar da aka sheƙa mini ruwa, ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

Abin takaicin, har yau ko a hanya muka haɗu, kafin sallamata ta ƙare ta ce, "Ya jiki?"

Na koma wurin Oga Bala, ashe labari ya riga ni. Ya zare ƙarafan duka, ya miƙo mini sandar tsurarta. Yanzu ba na fashi, kuma ko buta zan ɗaga, sai maƙwabta sun ji hucina.