Ranar da Na Ɓatar da Shugaban 'Yan Goro

A sani tun farko: ilimina bai gaza ba, kwalba ce ta ci amanata.

Shugaban 'yan goro na Zangon Kumasi zai tafi Makka ta ƙasa, sai 'yan kasuwa suka so hoton ban kwana, su wajen arba'in a jere. Akwatin hotona kuwa mutum biyar yake ci. Suka ce za su ɗauko mai hoto daga unguwar Adum, mai babban gilashi.

"Adum? Ina raye?" na ce. "Gilashi ne fa, ba wahayi ba."

Na fasa kwalbar lemo, na yi kwana uku ina goga gindinta a dutsen niƙa, matata tana salati. Na liƙa shi a bakin akwatin da ƙaro. Ban gwada ba. Gwaji na masu shakka ne.

Aka jeru, Shugaba, wanda muke kira Baba, a tsakiya, wurin manya. Na ɗauka.

Sai da ya hau mota na wanke hoton. Na manta cibiyar kwalba a tsakiya take. Kowa ya fito, an ja shi kamar danƙo. Har akuyar da ke gefe ta fito. Wurin Baba kuwa, wani farin dunƙule ne kamar dafaffen ƙwai, da takalma.

Ƙaninsa ya daɗe yana dubawa. "Malam, ina Yaya?"

"Hasken Makka ne ya fara sauka," na ce.

Har yau, duk wanda ya shanye lemo a Zango sai ya kara kwalbar a ido ya leƙo ni: "Malam, tsaya a tsakiya mu ɓatar da kai!"