Yadda Za Ka Zama Gwanin Banjo Muddin Banjon Bai Iso Ba

Ɗan'uwa, kana so a riƙa kiranka makaɗi alhali ko tafi ba ka iya yi daidai ba? Gyara zama. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawarin shekara biyu cur ana girmama ka a faɗin Alexandria ta kusa da Washington, yatsanka bai taɓa tsirkiya ba. An gwada an gani. Maƙwabcina Ikrama, direban tasi, mutumin Dogon Dutsi ta Nijar, shi ya gwada, ni kuwa ina gefe ina kallo.

Mataki na 1: Tono gado

Kwashi iyalinka ka kai su gidan tarihi a Washington. Tsaya gaban tsohon banjo na ƙwarya da fata, irin wanda baƙar fata suka haɗa tun zamanin bauta. Jira Turawa su taru suna ɗaukar hoto, sannan ka dafa ƙirji kamar yadda Ikrama ya yi.

"Kai! Wannan ai gurmin babana ne aka ƙara wa tsirkiya. Kiɗan nan a jininmu yake."

Ba ƙarya ya yi ba, marigayi babansa makaɗin gurmi ne. Sai dai shekara talatin Ikrama yana gaya wa mutane tsohon ɗan kasuwa ne. Sai da ya ga an sa abin cikin gilashi an haska masa fitila, sannan ya tuna yana da gado.

Mataki na 2: Yi alkawari mai nisa

'Yarsa Jidda a nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin kakanta ba. Ta riƙe hannunsa, ta ce da Hausarta mai ƙamshin Turanci, "Baba, ranar aurena za ka kaɗa mini kiɗan Kaka?"

"Haba, wannan ai ƙaramin abu ne."

Lura da hikimar: a lokacin ko saurayi ba ta da shi.

Mataki na 3: Kar ka kuskura ka sayi na kanti

Na kanti kwana biyu ya iso ƙofarka, asirinka ya tonu. Nemi wanda ake sassaƙawa da hannu, sak irin na gidan tarihi. Ikrama ya samo wata dattijuwa, Constance, can cikin duwatsun West Virginia, wadda sai ta shuka duman da kanta, ya nuna, ya bushe, sannan ta ɗauki wuƙa. Ta ba shi haƙuri, ta ce sai ya jira wata goma sha takwas. Saura kaɗan ya yi mata godiya da hawaye.

Mataki na 4: Yi jiran a bainar jama'a

Jira a ɓoye asara ne. Tara farce a ɗan yatsa ɗaya. In danja ta tsayar da kai, ka riƙa wasa da yatsu a kan sitiyari, kana lumshe ido. Duk wanda ya gaishe ka bayan sallar Juma'a, ka yi ajiyar zuciya ka ce, "Lafiya lau, sai dai hannun nan yana ƙaiƙayi."

Za a samu mai shisshigi. Na Ikrama shi ne Karimu, mutumin Kumasi, wanda ya aro wani banjo ya kawo har falo.

"Maigida, ga wannan, ɗan taɓa mana kafin naka ya zo."

Ikrama ya dube shi kamar an miƙo masa tuwon jiya ba miya. "Karimu, fuskar nan roba ce. Babana zai ji kunya a kabari."

Daga ranar aka fara kiransa Sarkin Kiɗa.

Mataki na 5: In an gama, ka ɓata

A wata na goma sha bakwai masifa biyu suka faɗo masa a mako guda: aka kawo gaisuwar Jidda, Constance kuma ta aiko da hoto, ta ce saura ɗaura tsirkiya. A irin wannan hali kar ka firgita. Ka zama mai tsantseni.

Ikrama ya ce fatar ba ta yi ba, sai ta jar akuyar Maraɗi. Wata uku ke nan. Ya ce wuyan ya cika santsi. Wata biyu. Ya ce ƙwaryar ta cika zagaye.

Matarsa Zeinabou tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, ka ce mata ta jira akuyar ta haihu tukuna, ko fatar 'yar ta fi."

Kar ka tanka. Mata ba su san fasaha ba.

Mataki na 6: Kar ka manta 'yarka ma tana da waya

Nan Ikrama ya yi sake. Ranar walima, a wani zauren biki a Fort Washington, ya miƙe da babbar riga zai ba jama'a haƙuri, don kayan aiki bai iso ba. Sai ga dattijuwar Baturiya da takalmin gona ta shigo rungume da akwati. Jidda ce ta kira ta tun makon jiya. Constance ta ce ba ta yarda da gidan waya ba, kuma tana so ta ga mutumin da ya raina ƙwaryarta.

Aka yi guɗa. Karimu ya jawo kujera tsakiyar fili. Aka ɗora wa Ikrama banjon a cinya: jar fata, ƙwarya mai sheƙi, sak abin da ya nema, babu inda zai kushe.

Mataki na 7

Babu mataki na bakwai. Ikrama ya daɗe yana shafa fatar. Wallahi ni da nake masa dariya shekara biyu, sai da tausayinsa ya kama ni.

"Jidda, ban iya ba," in ji shi. "Sau uku kakanki yana miƙo mini gurmi, ina ce masa ni ɗan lakkwal ne, ɗan boko, ba maroƙi ba. Na ukun, ya rataye shi bai sake magana ba."

Jidda ta durƙusa a gabansa da kayan amarcinta.

"Na sani, Baba. Mama ta gaya mini tun bara. Amma kana rera kiɗan Kaka kullum in kana wanke mota. Shi nake so."

Ya rera, yana bugun tsirkiya ɗaya tal da farcen nan da ya tara. Kiɗan bai yi daɗi ba, kar a yi maka ƙarya. Zeinabou dai ta jiƙa gefen mayafinta.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko kuka ne gaban surukai, ko tuƙin awa uku duk Asabar zuwa wurin Constance, wadda yanzu take dukan yatsun Sarkin Kiɗa da fensir. Wanda kuma tsohonsa ke da rai, gurmin yana rataye a ɗaki, darasin nan ba nasa ba ne. Ya ajiye takardar nan ya kira gida.