Firam Ɗin Nawa Ne, Mijin Ba Nawa Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Shirya Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da sauran 'yan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma kowannenku idan ya koma gida iyalin da ya bari su yake tararwa, ba wasu ba. Ni ce telar nan, matar marigayi Kofur, direban babbar motar soja, wanda ya tafi fagen daga ina da ciki, aka dawo mini da bel ɗinsa da kofin shan ruwansa. Na ga an fara shafa wa duwatsun bakin titi farin fenti, na san ranarku ta ƙarato. Shi ya sa na ce bari in riga masinjanku isowa.

Hoto ɗaya tak mijina ya bar mini, a da yana rataye a bangon da ke fuskantar keken ɗinkina. Shekarun baya masinjanku ya yi sallama, ya ce ƙasa na neman aron hoton, za a kafa shi a babban allo ranar biki. Na ji daɗi har na goge gilashin da bakin mayafina. Daga wannan aro ne ƙorafe-ƙorafena suka samo asali, ga su kamar haka.

1. An dawo mini da firam ɗina, babu shakka. Na shaida shi da ɓallin da ke kusurwarsa, ni na yar da shi da hannuna. Sai dai mutumin da ke ciki yana da gashin baki kamar tsintsiya, mijina kuwa har ya bar duniya haɓarsa da goshinsa duk ɗaya suke. Da na je ofishinku, magatakarda ya yi mini bayanin tsarin aiki cikin ladabi: ana cire hotuna a manna a allo, a rubuta lamba a bayan firam, bayan biki kuma duk hoton da ya shiga firam daidai, nan ne gidansa. Na ce to me ya hana a rubuta lambar a bayan hoton? Ya ce, “Haba Mama, a ɓata wa jarumi baya da biro? Ai soja soja ne, duk kaki ɗaya suka sa. Ki yi haƙuri, baɗi za a gyara.” Ranka ya daɗe, ina jinjina wa wannan girmamawa. Bayan mijina fes yake, sai dai ban san inda gabansa yake ba.

2. Baɗi ta zo, aka gyara. Aka ɗauke mai gashin baki, aka kawo mini wani ƙosasshen Saje wanda kumatunsa suka cika firam ɗin har babu wurin hula. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Surukata, wadda idanunta suka yi rauni, ta matsa kusa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Alhamdu lillahi, yaron nan ya yi ƙiba. Ashe can sun fi ki iya girki.” Wa zai gaya wa tsohuwa gaskiya? Na bar ta da farin cikinta, ni kuma na zauna da gorin.

3. Shekarar da ta biyo baya sojan ruwa aka ba ni. Mijina, Allah ya jiƙansa, ko kwata ce ta cika da ruwan sama, sai ya zagaya ta bayan layi.

4. Ina kuma so a duba abin da kwamiti ya yi wa mutuncina a unguwa. Ni mace ce da ban sake aure ba, amma yanzu babu wadda ta kai ni yawan maza. Masu kawo ɗinki ba sa fara gaishe ni sai sun ɗaga kai sun duba bango. Maƙwabciyata mai kitso takan leƙo ta taga ta ce, “Yaya, ina angon bana? Wannan dai ya fi na bara kyau, ki riƙe shi da kyau.” Ina dariya tare da su, domin in ban yi dariya ba allura za ta soke ni. Amma abin yana ci mini rai, ranka ya daɗe, kuma ba kaɗan ba.

5. Na bara shi ya fi ɗaure mini kai. Wani siriri ne riƙe da begila. Na karɓe shi kamar sauran, ina share masa ƙura, ina yi masa addu'ar samun rahamar kabari safe da yamma, domin dai ɗan wani ne. Ran nan na je kasuwa, sai ga shi a tsaye da ransa yana tayin albasa. Ashe mai yi muku busa ne a wurin biki, hotonsa ya faɗa cikin na mamata. Da na dawo hayyacina na faɗa masa abin da ke faruwa, ya ce, “Wallahi Mama, shi ya sa bana nake samun barci mai daɗi. Don Allah kar ki daina.” Ban daina ba. Amma ina tambaya: in rayayye ya shige cikin matattu ba wanda ya lura, mataccen da ya ba shi wuri ina aka kai shi?

6. Za ka ce me ya hana in je in nuna mijina da yatsa ranar biki. Ina zuwa, ban taɓa fashi ba. Ana tsayar da mu, matan mamata, a bayan igiya can kusa da inda ake ajiye motoci, allon kuma yana bayan rumfar manyan baƙi saboda tsaro. Daga inda muke babu abin da muke hange sai ƙeyar masu girma. A nan muke jin harbin bindiga, a ajiye furanni, a yi shiru na minti ɗaya, sannan ka tashi ka ce ƙasa ba za ta taɓa mantawa da su ba. Na yarda ba ku manta da su ba. Wane ne wane kawai ya shige muku.

Ga dalilin da ya sa na ajiye ɗinkin mutane na ɗauki biro. Cikin nan da mijina ya bar ni da shi, mace na haifa. Ta girma, ta yi aure, watan jiya ta haifi namiji. Ta miƙo mini shi a cikin zani ta ce, “Mama, duba mini, ya yi kama da Baba?” Na kalli jaririn, na ɗaga kai na kalli mai begila. Na rufe ido ina neman fuskar mijina, sai gashin baki ya zo, kumatun Saje suka zo, hular sojan ruwa ta zo. Na ce mata ya yi kama. Ban sani ba ko ƙarya na yi.

Saboda haka ina roƙo cikin ƙanƙan da kai, a wannan minti ɗaya da kowa ke yin shiru ba ya aikin komai, a sassauta igiya a bar mu mu wuce ta gaban allo, kowace ta cire nata. Ba ma neman kujera ko lemo. Nawa yana da wushirya, kunnensa na hagu ya ɗan tashi, kuma yana dariya, domin labulen mai hoto ya faɗo daidai lokacin da aka ɗauka. Wadda kuma yake bangonta yanzu, ina yi mata godiya da riƙon amana. Ba ya son a rataye shi kusa da hayaƙi.

A taimaka a yi shi bana, ranka ya daɗe. Wushiryar da kunnen haddace su na yi kamar karatu, ba ganinsu nake yi ba. In aka kai baɗi, duk wanda masinja ya miƙo mini zan karɓa hannu bibbiyu, in nuna wa jikana in ce ga kakanka, kuma ba zan san cewa an cuce ni ba.

Allah ya ƙara wa kwamiti girma, ya sa a yi biki lafiya a tashi lafiya, ya sa idan an rataye hotonka a ofis a rubuta lambar a inda ya dace.

Taku mai matuƙar biyayya,

Tela, matar marigayi Kofur,
mai riƙon mai begila kafin a zo a karɓa.