Ban-ruwan Ciyawar Roba

Shekaranjiya da tsakar rana na taka rawar da ko ranar aurena ban taka ba. Na hango maƙwabcina Don Eusebio Quintero ta saman katanga riƙe da tiyo, na ce bari in leƙa mu gaisa, na fita ba takalmi yadda na saba. Ina ɗora ƙafa a kan sabuwar ciyawarsa, tafin ƙafata ya shaida mini cewa kasko na taka. Na yi tsalle na faɗa kujerar ƙarfe, ita ma ta yi mini tata gaisuwar. Yanzu haka ƙafafuna na cikin ruwan ƙanƙara, matata Lurleen na wucewa tana tambayar ko ɗan wasa ya samu sauƙi.

Kun san mafarin abin. Bara ne Mai Girma Sarkin Tsimin Ruwa na garinmu, Allah ya ƙara masa hangen nesa, ya gano cewa a hamada muke zaune. Mu da aka haifa a Arizona ba mu lura ba sai da ya faɗa. Ya ce kowa ya tone ciyawar gidansa ya shimfiɗa ta roba, har da ɗan tukuici. Kafin ka ce kwabo motocin 'yan kwangila sun cika unguwa. Wannan gida filin ƙwallon ƙafa, wancan na ƙwallon kwando, har wanda rabonsa da gudu tun yana makaranta ya sa an zana masa farin layi. Unguwa ta yi kore shar, muka yi ta tafi, ashe kallon kitse muke yi wa rogo.

Abin da Mai Girma bai samu sukunin faɗa mana ba, saboda yawan ayyukan alheri, shi ne roba ba ta shiri da ranar Yuli. Kafin yaro ya taka filin sai an jiƙa shi sharkaf, kafin ya ɗaure igiyar takalmi ya bushe, a sake jiƙawa. Da muna shayar da abu mai rai jefi-jefi, yanzu kullum muna shayar da abin da bai taɓa rai ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ni da a nan ta tsaya da dariya kawai zan yi. Abin da ya ƙona mini rai fiye da ƙafa shi ne bishiyar lemun Don Eusebio. Marigayiya matarsa Amparo ce ta dasa ta shekarar da suka tare a gidan, kuma babu gida a layinmu da bai ci lemun nan ba. Tun rasuwarta, a ƙarƙashinta yake shan kofinsa na safe, wani lokaci ina jin yana ba ta labarin unguwa. Ba tukuicin ne ya ja shi ga shimfiɗa robar ba. Jikarsa Itzel ce ta kamu da son ƙwallo, ɗansa ya ce in akwai fili a gidan kaka, za a riƙa kawo ta duk ƙarshen mako. Wane tsoho ne zai ƙi?

'Yan kwangila suka ƙwaƙule ƙasar, suka datse saiwoyin da suka tare musu hanya, suka zuba tsakuwa suka daddaɓe da inji, suka ja robar har gindin bishiyar don aiki ya yi kyau a hoto. Ita kuwa duk tsawon shekarun nan ruwan ciyawa take sha a fakaice. Aka ɗauke ciyawar, aka ɗauke mata abinci, aka kuma lulluɓe ta da bargo mai zafi. Ganye ya fara naɗewa, ya yi rawaya, ya dinga zuba a kan farin layi.

Ranar da na ƙone, bayan ya gama yi mini dariya, na tambaye shi wa zai buga ƙwallo a wannan rana da yake ta ban-ruwa.

Ya ce, "Ba kowa, maƙwabci. Yarinyar ta zo sau ɗaya ta faɗi, gwiwarta ta saluɓe, uwarta ta ce sai sanyi ya shigo. Ita nake ba wa." Ya nuna bishiyar da haɓa. "Ko ɗan kaɗan ne ai zai sauka, ko?"

Na ce zai sauka. Ƙarya na yi masa, don ina kallon ruwan yana gangarewa kwata.

Jiya sai ga jerin motoci a layinmu. Ashe an zaɓi gidan Don Eusebio a matsayin gidan koyi, kuma Mai Girma da kansa ya zo ƙaddamar da sabon shiri mai suna Shekarar Inuwa, domin bincike mai zurfi ya nuna masa cewa garin ya ƙara zafi. Ya nufi gindin lemun don ya fake, ya ɗaga kai ya ga rassa tsirara, nan take wani hadiminsa ya buɗe masa lema. A ƙarƙashin lemar ya yi mana jawabi kan amfanin bishiya.

Na ɗingisa na matsa, na ce ranka ya daɗe, ciyawar da ke gaban ofishinka fa, wadda ake fesa wa ruwa da rana tsaka? Ya yi murmushi ya ce wannan ta tarihi ce, kuma an kafa kwamiti a kanta. Na gamsu ƙwarai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle mu da ko rimin ba a bar mana ba.

Sannan aka miƙa wa Don Eusebio kyautarsa, ɗan dashen bishiya a cikin tukunya. Ya karɓa hannu biyu, ya dubi farfajiyarsa daga katanga zuwa katanga, roba ce ko'ina.

"Ranka ya daɗe, a ina zan dasa?"

"Duk inda ka ga ƙasa, dattijo," in ji Mai Girma, yana kallon mai ɗaukar hoto.

Da motocin suka tafi, tsohon ya ajiye tukunyar, ya ciro 'yar wuƙarsa ya kankare ɓawon bishiyar lemun. Ya kankare a sama, ya kankare a ƙasa, yana neman kore. Babu. Ya naɗe wuƙar ya shige ɗaki. Yau da safe na sake jin ƙarar tiyo ta bayan katanga, ban leƙa ba.

Lurleen ta ce tunda haka ne, me zai hana a kafa masa bishiyar roba a wurin, ba ruwanta da ƙishi. Na ce ta yi wa Allah ta rage murya, tagar a buɗe take, kuma Mai Girma bai riga ya raɗa wa shekara mai zuwa suna ba.