Rasuwar Shuɗiya, Motar da Ba Ta da Lafiya Ran Asabar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fiye da rabinsa haushi ne, ni Zulaihat, mazauniyar Gwarzo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motar gidanmu, wadda yara suka raɗa wa suna Shuɗiya. Ta cika ranar Asabar ɗin da ta wuce da hantsi, a bakin hanyar Masanawa zuwa Gwarzo, bayan doguwar jinyar da yawancinta ƙarya ce.

Marigayiya ta shigo gidan nan ne da kuɗin shanun da na gada wajen mahaifina. Maigidana, Malam Badaruddeen, shi ya kawo shawarar. Ya ce in muna da mota, duk ƙarshen mako zai kai ni Masanawa in gaida mahaifiyata, Inna Dela, mai fama da hawan jini. Na yarda, aka sayar da shanu, aka kawo Shuɗiya tana sheƙi, ya zauna a bayan sitiyari kamar da shi aka ƙera ta.

Ba za mu ɓoye alherinta ba. Mace ce mai zumunci: ba ɗaurin auren abokin Malam da ba ta halarta ba, ko da a Katsina ne. Ta kai shi kallon ƙwallo, ta kai shi taron siyasa, ta ɗauko 'yan majalisarsu har a but. Daga Lahadi zuwa Juma'a, da an murɗa makulli sai ta ce "vuuum" da muryar budurwa.

Ciwonta na Asabar ne. Da safe zan yi wa yara wanka, in ɗaure ƙullin tsaraba, mu fito mu shiga. Malam ya murɗa makulli, sai ta ce "kyar-kyar-kyar", ta yi shiru. Ya fita ya ɗaga bonet, ya riƙe ƙugu yana girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Yau kafireto, wani makon batir. In na ce to bari mu bi motar haya, sai ya ce, "Haba Zulai, matata a motar haya alhali ina da mota? Me mutane za su ce? Ki bari sai mako mai zuwa." Kafin magariba kuwa ta warke sarai, ta kai shi majalisa.

A can Masanawa, duk Asabar Inna takan sa a turara dambu, a shimfiɗa tabarma a zaure. In na kira na ce mota ce ta ƙi tashi, sai ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, Allah ya ba ta lafiya." Har sadakar waina ta taɓa yi mata. Ita da jiri ke kayarwa a tsakar gida, ita ce mai yi wa ƙarfe addu'a.

Asalin cutar ni na gano shi, a wajen wanki. Na sha tsintar wani ɗan jan abu mai ƙafa biyu a aljihun kaftanin Malam, ban kula ba, sai da na nuna wa maƙwabciyata, matar bakanike. Ta ce fiyus ne, in an zare shi mota ba ta tashi. Ashe ramukan hanyar garinmu yake jiye wa tayoyinsa, da kuma hirar majalisa da ba ya son ta wuce shi.

Ran Asabar ɗin, ƙanina Dabo ya kira da sassafe ya ce harshen Inna ya yi nauyi, hannunta na dama ya ƙi ɗaguwa. Muka fito. Shuɗiya ta ce "kyar-kyar-kyar". Malam ya kama hanyar bonet, na ce, "Malam, ba a nan ciwon yake ba. Duba aljihunka na hagu." Ya zaro fiyus ɗin daga aljihu. Ya mayar, ta tashi.

Muka isa, aka kamo Inna aka kwantar a kujerar baya. Wannan ne karo na farko da ta ga motar da idonta. Ta shafa kujerar da hannunta mai lafiya, ta ce da ƙyar, "Ashe ke ce marar lafiyar. Sannu, ya jiki?" Sannan ta dubi ƙeyar surukinta ta ce, "Malam, ka sha wahala a kaina da motar nan. Allah ya yi maka albarka." Na so ƙasa ta tsage ya shige, ni kuwa in tsaya in kalla.

A hanyar dawowa ne ajali ya sauka. Mai yawan buɗe bonet bai taɓa duba baƙin mai da gaske ba. Marigayiya ta yi tari, ta ce "ƙwas-ƙwas-ƙwas", hayaƙi ya turnuƙe, inji ya buga. Malam ya lalube aljihunansa duka, wannan karon babu abin mayarwa. Shi ya goya Inna a bayansa har bakin kwalta, yana tafe yana kuka, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. A bayan wata akori-kura, a kan buhunan masara, Inna ta ƙarasa asibiti. Likita ya duba ta, ya tambaye mu me ya hana a kawo ta tun watannin baya da jirin ya fara. Ya ce za ta rayu in Allah ya so, amma hannun sai haƙuri.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu masu sanƙo, da jarkar ruwa, da 'yan majalisa da za su koma tafiyar ƙasa, da miji guda wanda bai iya haɗa ido da ni.

Jana'iza: gawa na nan a gindin wata bishiya, inda ta faɗi. 'Yan gwangwan za su zo su ɗauke ta ranar Asabar, ranar da ta fi ƙi a duniya. Ba wanka, ba salla, ba sadakar uku. Mai son yin ta'aziyya ya same mu a ɗakin mata na asibiti, gado na kusa da taga. Roƙona ɗaya ga masu zuwa: kada wanda ya gaya wa Inna komai. Kullum da safe, da ta buɗe ido, takan tambayi yadda motar ta kwana. Ni ba na amsawa. Malam nake bar wa, yana zaune a gefen gadon da kofin kunu a hannu, ya amsa mata da bakinsa.