Rasuwar Malam Audu Mai Eriya Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta sallama wa hukuncin Allah ko da yake ba ta gama hucewa ba, ni Hajja Kaltumi ta unguwar Wulari a Maiduguri, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu leƙe ta katanga rasuwar abokin zamana, rediyona, Malam Audu mai eriya ɗaya. Ya cika ranar Alhamis bayan la'asar a kan tabarmata, yana da shekara goma sha ɗaya a hannuna. Shekarun da ya yi a kanti ban san su ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Babban ɗana Harun, dillali a Kasuwar Shanu, shi ya kawo mini marigayin cikin kwali, tun kafin garin nan ya san ƙarar bindiga. Ya zo ba suna, sai wata doguwar lamba manne a bayansa. Na ce ni ba na kwana ɗaki ɗaya da baƙon da ba shi da suna. Da ya kwana bakwai na raɗa masa Audu, don duk bawan Allah da ba a san asalinsa ba, Audu ne. Harun ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya tambaye ni ko a kawo rago. Na ce a kawo. Ya kawo balangu a takarda, muka ci mu biyu, mai sunan yana ta karanta mana labarun duniya.

Marigayin mutumin kirki ne. Bai taɓa riƙe magana a ciki ba, abin da ya ji shi zai faɗa, kuma a nan halinmu ya zo ɗaya. Bambancin kawai, shi gulmarsa ta shugabannin ƙasashe ce, tawa ta layinmu. Ba ya neman komai sai batura huɗu. Idan za a tashe shi sai ya yi gyaran murya, “shhh, ƙirrr, shhh,” sannan ya ce, “Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro.” Ko ni kaɗai ce a ɗakin, jama'a yake kirana. A shekarar da aka yanke layukan waya wata da watanni, ga dokar hana fita, matan layinmu kaf a tsakar gidana suke yini. Har maƙwabciyata Ya Gumsu, wadda ta taɓa cewa rediyo kayan ƙauyawa ne, ita ce mai zama kusa da bakinsa. Aibinsa ɗaya, ba ya magana da kyau sai an jingina eriyarsa da murfin tukunya an juya shi gabas, wani lokaci kuma sai an ɗan mare shi a ƙeya. Ina roƙon ya yafe mini marukan.

Ga waɗanda ba su sani ba, ko da yake a Wulari babu su, shekara biyar ke nan da Harun ya fita sayen shanu ta hanyar Dikwa bai dawo ba. Ba a ga motar ba, ba a ga shanun ba, ba a kawo mini ko takalminsa ba. Matarsa Ruƙayyatu ta jira shekara huɗu, alƙali ya raba auren, ta yi wani a Galtimari. Ban riƙe ta a zuciya ba, yarinya ce. Ni uwa ce, babu alƙalin da zai sallame ni.

Tun daga lokacin Malam Audu ya samu sabon aiki. Kowace Alhamis da ƙarfe biyar akwai shirin da ake karanta sunayen waɗanda aka tsinta, na daji da na sansanin 'yan gudun hijira da na tsallaken iyaka. Yakan sassauta murya ya ce, “Wane ɗan wane, mutumin gari kaza, yana nan da rai, yana cigiyar mahaifiyarsa.” Sau uku ya ce Harun. Ɗaya ɗan Bama, ɗaya yaro ne ɗan shekara tara, ɗaya kuma sunan ubansa ba namu ba. Duk ukun na yi wa iyayensu murna da baki, zuciya kuwa Allah ya san abin da ta yi.

Bara da damina marigayin ya koya mini karatun da har yau nake tunawa da shi. Wani malamin taurari aka kawo, ina tsintar shinkafa ina saurare. Ya ce akwai duwatsu a sama, dubbai a kan dubbai, ba taurari ba ne, duwatsu ne zalla, wani kamar gida wani ya fi garin nan girma, suna ta zagaya rana. Idan aka hango sabo ba a ba shi suna nan take. Shekarar da aka gan shi ake rubutawa da wasu haruffa, kamar katin da ake ba mutanen sansani. Sai an bi sawunsa, ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya dawo, an tabbatar da hanyarsa, sannan a ba shi lamba ta dindindin. Bayan nan wanda ya fara ganinsa shi ke da ikon zaɓa masa suna, ya kai wa wani kwamitin malamai su duba, kamar yadda uba ke raɗa wa liman a kunne.

Kuma wai akwai sharuɗɗa. Kada sunan ya wuce harafi goma sha shida, kada ya zama zagi, kada ya gagari harshe. Ba a sayen sa. Ɗan siyasa ko babban soja kuwa sai ya shekara ɗari a kabari kafin a sa wa dutse sunansa. Da na ji wannan na ajiye faifan na yi guɗa ni kaɗai. Ya ce na farko-farko sunayen gumakan mutanen dauri aka ba su, yawanci na mata, da suka ƙare aka koma kan matan gida da 'ya'ya da malamai da garuruwa. Har wani ya sa sunan kyanwarsa, aka ce a daina irin haka. Malamin bai faɗa ba, amma ni na san maza: a cikin duwatsun nan akwai mai sunan wadda ba matar gidan ba.

Sai ya zo kan abin da ya sa na bar shinkafar wa kaji. Muryar Malam Audu ta fito tas, ko ƙirrr babu: “Akwai dutsen da aka gani, aka ba shi suna, sannan ya ɓace wa masu dubawa kusan shekara casa'in. Ba su soke sunansa ba. Sun ce yana nan a hanyarsa, idonmu ne bai kai ba. Kuma aka sake ganinsa.”

Wannan maganar na riƙe, da ita nake korar masu zuwa mini da fuskar ta'aziyya. Ranar Lahadin da ta wuce Najiba, matar ƙaramin ɗana Mikail, ta haifi namiji. Mikail ya zo ya durƙusa ya ce yana so ya sa wa yaron Harun, a riƙa kiransa Babakura, yadda muke kiran wanda ya ci sunan yayan ubansa. Na ce madalla. Sai ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa tunda malamai za su taru, ya sayi buhun shinkafa na biyu, a haɗa da sadakar wansa Harun, a yi masa addu'ar da ake yi wa waɗanda suka riga mu, kowa ya huta. Na tambaye shi wa ya wanke gawar. Na tambaye shi ko shekara biyar ta kai casa'in. Ya ce ni da rediyon nan sai Allah, ya tashi idonsa jawur. Ban ga laifinsa ba. Shi ke ɗauke da gidan, kuma shi ma wansa ne.

Ciwon ajalin marigayin ya fara tun sanyin bana. Murya ta dushe, sai na kwantar da kunne a kan ƙirjinsa nake jin sa. Na saɓa shi a zane na kai wa Manasse mai gyara a bakin titi, wanda ya san cikinsa tun yana sabo. Manasse ya buɗe, ya hura, ya ɗiga masa dalma, ya ce mini Mama tsatsa ta gama da shi, kayan irinsa kuma an daina kawowa, in je in lallaɓa shi. Na lallaɓa. Ranar Alhamis da biyar na jingina shi da murfin tukunya. Ya karanta suna goma sha biyu, ina ƙirgawa da carbi. Ya ce, “Sauran sunayen bayan wannan sanarwa.” Ya yi “ƙirrr” ɗaya siririya. Shi ke nan.

Na mare shi, na sake batura, na juya shi gabas da yamma. Na fita ba mayafin kirki ina bin gidaje ina tambaya wa ya ji sauran sunayen. Gida tara na shiga. Ya Gumsu tana kallon rawar biki a waya, wasu suna wanki, wasu sun ce ai sun ɗauka an daina shirin. A layinmu kaf, ashe ni da Malam Audu ne kaɗai muka rage muna saurare.

Marigayin ya bar batura huɗu, biyu a cikinsu sababbi. Ya bar eriya mai ɗaurin zare, da murfin tukunyar da ya yi masa hidima ba gajiya, da rigarsa ta atamfa da na ɗinka masa. Ya bar tsohuwa ɗaya. Ya bar sauran sunaye.

Ga yadda za a yi. Ba za a yi masa salla ba, na san iyakata, kada wani ya kai wa liman gulmata. Ba kuma za a ba masu sayen ƙarfe shi ba. Zan turara shi da turaren wuta, in naɗe shi a kwalinsa na asali, in sa shi ƙarƙashin gado kusa da akwatin kayan Harun, allurarsa na kan tashar da ya tsaya.

Sadakar uku ta faɗo ranar Lahadi, ranar suna, a gidanmu na Wulari bayan an shafa fatiha da safe. Za a sa wa jariri Harun, za mu kira shi Babakura, takwaran mai rai. Buhun shinkafa na biyu da Mikail ya saya za a dafa shi, ba za a yi asara ba, amma na Malam Audu ne. Duk wanda ta'aziyya ta yi shekara biyar tana masa ƙaiƙayi a baki, ya zo ya sauke ta a kan rediyo, zan karɓa da hannu biyu, zan ma yi kuka. Wanda ya haɗa da sunan ɗana, ya ajiye cokali ya kama hanya.

Masu niyyar kawo gudummawa kada su kawo goro ko sabulu. Ranar Alhamis da ƙarfe biyar, mai rediyo ya kunna, mai waya ya nemo tashar. Sunan shi ne Harun ɗan Ba'ana, dillalin shanu, dogo, mai tabo a gira ta hagu. Wanda ya ji kada ya tsaya sallama, ƙofar a buɗe take.