Ranar da na auna dabinonmu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na shiga lise, wato babbar sakandare, a Matameye, don a shekarar ne na fara ɗaukar kaina masaniya. An koya mana yadda ake gano tsayin abu ba tare da an hau shi ba: ka auna nisan da ke tsakaninka da gindinsa, ka auna kusurwar da idonka ya yi da ƙololuwarsa, ka nemo tanjant ɗin kusurwar ka ninka da nisan. Shi ke nan. Daga ranar duk abin da na gani a tsaye sai in ji ina son in auna shi.

Ana shirin bikin Yaya Hadiza, Baba ya ce a sare tsohon dabinon da ya bushe a filin bayan gidanmu, kada iska ta kayar da shi kan 'yan biki. Gabas ɗakunanmu ne, kudu da arewa wayar lantarki da rumbu, yamma kuma katangar maƙwabcinmu Alhaji Mati. Tambaya ɗaya ce: in aka kayar da shi yamma, zai kai katangar?

Maza suna tsaye suna ta ɗaga kai, sai na fito da mayafina na ce, "Baba, ai wannan lissafi ne."

(Babu wanda ya tambaye ni. Ina so a san da wannan.)

Na ɗauko mitir ɗin ɗinki na Inna. Daga dabino zuwa katanga, mitir goma sha biyu. Na ja baya mitir ashirin, na ɗaura zare da tsakuwa a jikin ma'aunin kusurwata na roba, na kanne ido ɗaya: degre talatin da biyar. Na karɓi wayar Yaya Hadiza na latsa. Mitir tara da rabi. Na je na ja layi a ƙasa inda kansa zai tsaya.

"Ba zai kai ba," na ce. "Har da saura."

Baba ya dubi dabinon, ya dube ni. "Uwata, kin tabbata? Ni a idona ya fi haka."

"Baba, ido yana ruɗi. Lissafi ba ya ruɗi."

Aka tambayi mai saran, ya ce shi dai sara aka kira shi ya yi. Baba ya juya ya gaya wa abokansa, da muryar da ban taɓa jin ya yi magana da ita a kaina ba, cewa 'yarsa ta auna.

Dabinon ya yi ƙara, ya tafi a hankali. Ina kallonsa yana wuce wurin da na ja layi a ƙasa, bai ko rage gudu ba. Ya sauka kan katangar, ya buɗe mata ƙofa wadda amalanke zai shige.

Da ƙura ta lafa, sai ga Alhaji Mati a can ƙarshen tsakar gidansa, zaune kan tabarma daga shi sai zane da singileti, da kofin shayi a hannu. Mutumin da unguwa ba ta taɓa ganinsa ba babbar riga ba. Ya dube mu, mu kusan rabin unguwa. Ya kurɓi shayinsa.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Ku shigo mana."

Ni dai ƙarƙashin gadon Inna na shiga.

Ranar Litinin na kai wa malamin lissafinmu ƙara, don har lokacin ina ganin dabinon ne bai bi ƙa'ida ba. Mushe, kamar yadda muke kiran malami, ya karɓi wayar Yaya Hadiza da na zo da ita, ya nuna mini wasu 'yan haruffa uku a sama. Ashe ma'aunin kusurwa iri biyu ne a cikinta, kuma ba kan degre take ba. Ya latsa sau ɗaya. Goma sha huɗu.

"Hanyarki daidai ce," ya ce. Ya kuma roƙe ni in bar shi ya ba ajin labarin a matsayin misali. Ban yarda ba. Ya bayar.

Baba da yayyena maza suka yi kwaɓa suka tayar da katangar kafin biki, ni ce mai ɗebo ruwa. Alhaji Mati bai taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Sai dai duk ranar da na gaishe shi ya ce, "Injiniya, yau me za a auna?"

Yanzu ni ma lissafi nake koyarwa, kuma har gobe ina gaya wa ɗalibai cewa lissafi ba ya ƙarya. Amma kafin su sanar da amsa, ina sa su ɗaga kai su dubi itacen tukuna.